Kurmin da Yaya Fes Ta Share

A danginmu kaf, daga masu gemu har masu goyo, babu wanda ya kama ƙafar 'yar kawunmu a tsabta. Shi ya sa tun tana 'yar mitsitsiya sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa sai Fes. Manya su ce Fes, na ƙasa da ita su ce Yaya Fes. An ce ranar da aka haife ta ba ta yi kuka ba sai da ta hango faratan matar da ta karɓe ta. Sabulu ma sai ta wanke shi kafin ta yi wanka da shi. Ƙuda in ya zo ƙofar ɗakinta yakan tsaya ya murza hannuwansa, ya yi shawara da zuciyarsa, ya juya ya nemi gidan wani.

Ta taɓa yin aure sau ɗaya. Mutumin kirki ne, amma bai daɗe ba ya tattara komatsansa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce shi ba zai iya zama a gidan da ake share sawunsa tun bai gama ɗaga ƙafa ba.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa ta da aikin da ya dace da ita: shara da goge-goge a wani babban asibiti. Nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tsakanin bokiti da tsumma da maganin nan mai warin da ke hawa har tsakar ka. Ɗakin da aka damƙa mata shi ne na ƙarshen baranda, inda ake kai waɗanda likita ya riga ya duba ya girgiza kai. Idan wani ya cika, masu tura gado su zo su fita da shi, ita kuma ta shiga. Ta yaye zanin gado, ta juya katifa, ta wanke ƙarafan gadon har ƙasa, ta buɗe taga. Kafin na gadon kusa ya gama juyowa, babu alamar an taɓa kwantar da mutum a wurin. Da wannan take tinƙaho. Takan ce, “Wanda ya tafi a fitar da shi da wuri, kada ya ja na kusa da shi.”

Abu ɗaya ta koya a ɗakin nan wanda ba ta cika son faɗa ba. Akwai wani irin shiru da ke sauka idan rai ya fita. Ba shirun barci ba ne. Fanka tana juyawa, ana tura gado a baranda, wani yana tari, amma sai ka ji kamar an zare wani zare da ke riƙe da sautin komai. Yaya Fes tana jin sa ko da ta ba gadajen baya tana matse tsumma. Sai ta ajiye tsumman, ta goge hannu, ta je ta kira ma'aikaciyar jinya.

Shekarar da ta yi ritaya, Kawu, wato mahaifinta, ya rasu. Bai bar bene ba, bai bar mota ba. Kurmi ya bari, can bayan gari inda kwalta ta ƙare, yanki guda na itatuwan da ya tsufa yana reno: maɗaci da marke da kirya da wasu da shi kaɗai ya san sunansu. A zamaninsa yakan sari ɗaya ya bar goma, kuma wanda ya faɗi da kansa ba ya taɓa shi. Magadansa biyu, ita da ƙaninta Auta, direban babbar mota wanda ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Tun ƙasar kabari ba ta bushe ba Auta ya ce a kira mai zarto a mayar da itatuwan katako kowa ya huta. Yaya Fes ta dube shi kamar ta ga gashi a cikin abinci.

“Itatuwan Baba? Auta, kanka ɗaya kuwa?”

“Yaya, ke da ko akuya ba ki taɓa kiwo ba saboda kashi, ke ce za ki riƙe kurmi?”

“Na riƙe ɗakin da maza ke gudu. Bar min shi.”

“Na bar miki. Amma ranar da na ga ya fara mutuwa a hannunki, zarto zai shiga. Ba zan zuba ido gara ta cinye rabona ba.”

A haka suka rabu, ya hau motarsa.

Kurmin Kawu ba shi kaɗai ba ne a wurin. Jere suke, na wannan ya jingina da na wancan, kowane da mai shi, kuma masu su suna da ƙungiya. Ba wata ƙungiya mai ofis ba ce, rumfar kwano ce a bakin hanya da benci mai gurguwar ƙafa. Dokokinsu ba su da yawa. Ba ka sare babban itace sai maƙwabta sun zo sun duba sun yarda. Da rani a haɗu a share hanyar tare gobara a kan iyaka. Mai irin da ya yi yawa ya sam wa wanda ba shi da shi. Sannan lokaci-lokaci su ɗunguma su zagaya kurmin ɗayansu, su duba, su yi tsegumi, su ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Shugabansu wani tsohon tela ne, aminin Kawu, wanda idonsa ya daina ganin kafar allura ya koma kiwon itatuwa. Kurminsa ne ke manne da na Kawu.

Ranar da Yaya Fes ta fara shiga gadonta, sai da ta toshe hanci da gefen mayafi. Ganye ya taru har idon sawu, baƙi, jiƙaƙƙe, yana nutsewa in an taka. Gumagumai kwance ko ta ina, ɓawonsu ya saɓule, laimar kwaɗi ta fito musu a haƙarƙari. Wasu itatuwan sun bushe a tsaye, ba ganye ba ɓawo, cike da ramuka, suna nan a tsakiyar masu rai kamar labarin mutuwarsu bai iso musu ba. Ko'ina motsi, ko'ina ƙara: gyare, kurciya, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace kamar kafinta, da wasu abubuwa masu ƙafafu da yawa da ke sulalewa ƙarƙashin ganye.

Ta riƙe haɓa. “Haba Baba. Ashe tsufa ya ci ƙarfinka haka? Gawa a kwance, gawa a tsaye, ba mai fitarwa?”

Washegari ta dawo da manjagara da baro da tsintsiya dami guda. Abin da ta yi wa kurmin nan, wanda bai gani ba zai ce ƙari ne. Ta kwashe ganyen ta kai bakin hanya ta cinna masa wuta, hayaƙi ya yi ta tashi har masu wucewa suka zaci masana'anta aka buɗe. Gumaguman ta ba masu gidan burodi kyauta, su dai su kwashe. Busassun da ke tsaye ta sa aka kayar. Kogon itace duk inda ta gan shi sai ta cusa masa laka ta shafe, kamar mai ɗaure ciwo. Da ta gama ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe gindin kowane itace har ƙugu. Kullum da safe kuma ta bi da tsintsiya. An ce ganye in ya tsinke daga reshe, kafin ya iso ƙasa tana tsaye tana jiransa da abin kwasar shara.

Da zagaye ya zo kanta, 'yan ƙungiya suka iso bakin kurmin suka yi cirko-cirko. Wata mai sayar da kwanuka, wadda kurminta ke can ƙarshen jeri, har ta sunkuya za ta cire takalmi. Tela ya shiga yana dogara sanda, sandar tana ƙara ƙwas, ƙwas, kamar a kan siminti.

“'Yar aminina, ina ganyen?”

“Na ƙone, Baba Tela.”

“Gumaguman fa?”

“Sun gasa burodi.”

“Busasshen marken nan na tsakiya, wanda mujiya ke ciki? Wa ya duba miki kafin ki kayar?”

“Ai dokarku ta masu rai ce. Wannan ya riga ya mutu, fitar da shi kawai na yi.”

Tela ya daɗe yana kallon itatuwan da fararen gindinsu. “To me za su ci?”

“Su wa?”

“Waɗannan da kika ɗaura wa fararen zannuwa. Kurmi gawarsa yake ci, yarinya. Uwa ta faɗi, ta ruɓe, 'ya'ya su tsiro a cikinta. Mahaifinki ba lalaci ne ya sa ya bar su ba.”

“Baba Tela, da girmanka. Na fa leƙa naka ta kan iyaka. Wallahi da asibiti ne da tuni an sa masa kwaɗo.”

Mai kwanuka ta ƙyalƙyale da dariya. “Rabu da ita, Shugaba. Gobe kurege za ta ɗinka wa takalmi.”

“Naki ne,” in ji Tela. “Mu dai mun faɗa.”

Amma da za su fita ta lura da wani abu. Mutanen nan da ba a raba su da surutu sun yi ta rage murya kamar masu dubiya, kuma sauri suke yi.

Ba za a ce ƙungiya ba ta more ta ba. Da rani in aka fito share hanyar gobara, ɓangaren Yaya Fes ko tururuwa sai ta zame. Kowa yana so a haɗa shi da ita. Sai dai in an tashi, babu mai yanke hanya ta cikin kurminta, ko da ita ce ta fi kusa. Sai su zagaye.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Abin bai zo gaba ɗaya ba. Gyare ne ya fara ɗaukewa, ta ce madalla, dama ciwon kai yake sa ta. Sai mai ƙwanƙwasa ya daina zuwa. Kurciyoyi suka yi ƙaura zuwa na Tela. Ruwan sama da a da yake nutsewa a ganye, yanzu sai ya bugi ƙasa ya gudu yana tafiya da ita, har saiwoyi suka fito fili, jajaye, a murɗe, kamar jijiyoyin bayan hannun tsoho. Ƙasar ta yi tauri, ta yi sheƙi. Irin da itatuwa suka zubar kuwa duk ya bi baro zuwa wuta.

Da safe in ta zo takan duba sharar jiya. A farko takan tarar an yi mata rubutu a kai: sawun ƙadangare, jan cikin maciji, 'yan ɗige-ɗigen bushiya. Tana tsaki tana sharewa. Yanzu sai ta tarar da zanen tsintsiyarta yadda ta bar shi, layi-layi, babu abin da ya taka. Sawu ɗaya ne a kurmin nan, nata, na shiga da na fita.

Wata rana da rana tsaka ta tsaya ta miƙe bayanta, tsintsiya ta yi shiru a hannunta. Nan ta ji shi.

Gashin jikinta ne ya riga ta ganewa. Can a kan kwalta mota na wucewa, tana jin ta. Daga kurmin Tela hayaniyar tsuntsaye na tahowa, amma in ta iso kan iyaka sai ta tsaya cak kamar ta ci karo da gilashi. A nan ciki kuwa, tsakanin fararen itatuwa jere kamar gadaje, an zare zaren. Ta ji numfashinta. Ta ji yawunta yana wucewa ta maƙogwaro. Ta yi gyaran murya don dai ta ji wani abu, sai muryar ta tafi ta dawo mata ta baya, kamar wani ne ya yi. Ta ɗaga kai. Kawunan itatuwan sun yi shara-shara, ana ganin sama ta cikinsu, rassan ƙololuwa sun bushe sun miƙe yatsu.

A asibiti in ta ji haka akwai wadda za ta je ta kira. A nan ta juya hagu, ta juya dama. Ta bar baro a wurin, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita da baya da baya don ta kasa ba itatuwan ƙeya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Washegari ma ta dawo ta yi shara, don abin da ta iya ke nan, amma da rediyo rataye a wuya ta ƙure masa murya. Shi ma rediyon, in ya shiga kurmin nan, sai ya zama kamar daga cikin rijiya yake magana.

Ana haka Auta ya diro, da mai zarto a bayansa, wani gajere mai ƙaton wuya da garin katako a gashin gira. Mai zarto ya bi itatuwan yana bubbuga su da bayan gatari yana kasa kunne.

“Maigida, in za a yanka a yanka yanzu. Sun fara bushewa ta sama. Aka jima sai dai itacen wuta.”

Auta yana ta waige-waige yana shafa damtse. “Yaya, wannan wane irin wuri ne? Tsigar jikina tashi take. Ni da nake kwana a daji da mota ban taɓa jin irin wannan ba.”

“Tsabta ce ba ka saba da ita ba.”

“Na ji. To nuna min ɗa ɗaya. Tsiro ɗaya tak da ya fito a hannunki, in sallami mutumin nan.”

Ta san amsa, amma ta duba. Ta bi gindi-gindi, har da duƙawa. Ƙasa fes.

“Ba ni daminar nan, Auta. Don Allah.”

Tun da uwarsu ta haife shi bai taɓa jin yayarsa ta roƙi kowa ba. “Daminar nan kawai,” in ji shi. “Ruwa na ɗaukewa zan dawo da shi. In babu tsiro, kada ki kira min sunan Baba.”

Tela yana zaune a rumfar ƙungiya yana tsince iri a kan buhu lokacin da ta iso. Ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwar ta yi tsawo har ta kusa kaiwa ga lafiyar sandarsa.

“Faɗi abin da ya kawo ki, 'yar aminina.”

“Ya yi shiru, Baba Tela.”

“Mun sani. Mu da ke maƙwabtaka da shi mun riga ki ji.”

“Me ake ba shi?”

“Abin da kika kwashe.”

“Ai na ƙone.”

“To sai ki yi aro.”

“Aron me?”

“Gawa.”

Da gajimare ya fara haɗuwa, wata safiya tana tsaye a bakin kurmi ta hango su. 'Yan ƙungiya ne, tafe a jere ta kan iyaka, bibbiyu, da ruɓaɓɓun gumagumai a kafaɗa, suna takawa a hankali don kada su farfashe. Kowa daga nasa kurmin ya ɗauko. Nauyi ya lanƙwasa musu baya. Baƙar ƙasa na zuba daga gumaguman, abubuwa na faɗowa suna gudu. Mata na biye da buhunan ruɓaɓɓen ganye a ka. Ita da ta tsufa tana kallon ana fita da gawarwaki, yau ga shi ana shigo mata da su, kuma ita ce mai masauki.

“Ina za mu kwantar?” in ji na gaba.

Tela ne ya riƙa nunawa da sanda: a gicciye a kan gangare don su tare ruwa, wasu kuma a ƙafar manyan itatuwa. Aka zazzage ganyen a kansu. Aka fasa lakar da ta toshe koguna. Wani gungume da aka sauke ya dare a tsakiya, cikinsa fari da wani zare-zare kamar auduga, ƙadandoniya ta fito da ƙafafunta dubu ta bi ta kan takalmin Yaya Fes. An ce ihun da ta yi shi ne ƙara ta farko da kurmin ya karɓa ya riƙe bai mayar ba.

Da za su tafi mai kwanuka ta miƙo hannu. “Kawo.”

“Me?”

“Tsintsiyar. Da manjagara. Ƙungiya ta ce a ajiye miki su a rumfa. Mun san halinki, da mun juya baya wanka za ki yi musu.”

Daminar nan Yaya Fes ta sha wuya. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi. Ta huce a kan gidanta, ta goge daɓen ɗakinta har ya fara nuna ƙasar da ke ƙarƙashi, maƙwabta suka riƙa ɓoye awakinsu don kada a wanke su. Kurmin kuwa kullum tana zuwa, amma ba ta wuce bakinsa. Ta tsaya ta leƙa. Ruwa ya wanke farar ƙasar, tana gangarowa a jikin itatuwa kamar hawaye. Warin ruɓa ya taso, mai nauyi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, warin da ta ƙarar da rayuwarta tana kora. Babban maɗacin tsakiya ya saki wani ƙaton busasshen reshe, ya faɗi ya kwanta, ta dunƙule hannu ta bar shi a nan.

Sai ƙara ta fara dawowa, kuma ba irin wadda take jira ba. Ba tsuntsu ba ne. Daga cikin gumaguman take fitowa: ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar agogo da yawa a ƙarƙashin bargo. In ta matsa kusa sai ta tsaya. In ta ja da baya sai ta ci gaba. Wani lokaci bayan ruwa ganyen yakan ɗaga ya sauka shi kaɗai, babu iska, kamar ƙirjin mai barci. Laimar kwaɗi ta fito sahu-sahu, farare, kawunansu duk sun karkata gefe ɗaya, wajen da take tsayawa. Wannan ita ta faɗa da bakinta, kuma Yaya Fes ba ta ƙari. Ƙari aikin wasu ne a dangin.

Tsiro dai ba ta gani ba. Daga bakin kurmi ganye kawai ake hangowa, baƙi, a jibge. Ta tambayi Tela, ya ce, “Ba daga nesa ake ganin su ba. Sai kin shiga kin sa hannu.” Ta dubi hannunta, ta ce to, ta koma gida.

Ruwa ya ɗauke, Auta kuwa bai yi mantuwa ba. Da hantsi ya iso, mai zarto na biye da injin zartonsa a kafaɗa da galan ɗin mai. Suka same ta a inda ta saba tsayawa.

“Subhanallahi! Yaya, wa ya yi miki juji a nan?”

“Baƙi na sauka.”

“To. Alkawari kaya ne. Ina ɗan?”

Mai zarto bai jira amsa ba. Ya ajiye inji, ya taka shi da ƙafa, ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja.

Yaya Fes ta shiga. Ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ƙarar nan ta tsaya ko ta ina a lokaci ɗaya, kamar ta faɗa ɗakin da ake gulmarta. Ta je gaban gungumen da ya fi kowane ruɓewa, wanda ke kwance a ƙafar maɗaci. A asibiti ko zanin gado ba ta taɓawa sai da safar hannu. Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta runtse ido, ta cusa hannu tsirara ƙarƙashin ganyen, a haƙarƙarin gungumen, har wuyan hannu.

Ta san sanyin abin da ya tafi. Ta sha jin sa a katifa, a ƙarfen gado. Shi take jira.

Ɗumi ta ji. Ɗumi sosai, mai danshi, kamar hammatar mai zazzaɓi. Wani abu mai santsi ya zagaye yatsanta ya wuce abinsa. Ba ta zare hannun ba. Ta yaye ganyen a hankali yadda ake yaye bargo ba a tashi mai barci ba. Ga ƙananan tsirrai nan a jikin ruɓaɓɓen itacen, farare-farare don rashin rana, wuya a lanƙwashe, wani ma bai gama cire ɓawon iri daga kansa ba. Ba ɗaya ba ne. Duk tsawon gungumen ne.

“Auta. Zo.”

“Faɗa min daga nan, ina ji.”

“Zo na ce, ragon banza. Wai kai mai kwana a daji.”

Ya shigo yana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa. Ya duƙa ya gani. Kafin ya ankara ta kamo hannunsa ta danna shi cikin ganyen. Ya zabura zai fizge, ta riƙe gam. Ta ga fuskarsa ta sauya.

“Yaya, da ɗumi fa.”

“Da sauransa,” in ji ta.

A bayansu injin ya kama, ya cika kurmin da kururuwa. Auta ya miƙe yana kaɗa baƙin hannunsa. “Kashe! Kashe, malam!”

“Maigida, ka taso ni tun safe, na bar aiki—”

“Zan mayar da kai a mota. Kashe na ce!”

Injin ya mutu. Na ɗan lokaci babu komai. Yaya Fes tana durƙushe, hannunta dumu-dumu, ta riƙe numfashi tana jira ta ji wane irin shiru ne zai sauka. Sai daga gungumen da ke gabanta: ƙas. Na bayanta ya amsa. Sannan na can, da na can, har kurmin ya ɗauka gaba ɗaya a kewaye da su, yanzu ko a jikinsu da akwai mutane.

Mai zarto bai tsaya jiran mota ba. Ya saɓi injinsa ya kama hanya, ya bar galan ɗin a wurin. Auta ya goge hannu a wando, ya sake gogewa, ya nufi bakin kurmi yana saɗaɗawa. Da ya kusa fita ya tsaya, bai juyo ba.

“Yaya, kina jin wannan?”

“Ina ji.”

“Mene ne?”

“Ban sani ba, kuma ba zan buɗe in duba ba. Tafi abinka, kada ka waiwaya. Ba da kai suke ba.”